Idan jirgin ƙasa ya yi hatsari, wa ke ɗaukar laifi?

A Gaya, garin da ke bakin Kogin Neja a jihar Dosso, an fi shekara goma ana jiran jirgin ƙasa bai iso ba. Layin dogon da kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa daga Yamai ya tsaya ne a Dosso, bayan kimanin kilomita 140. An ƙaddamar da shi a watan Janairun 2016, amma bai taɓa fara jigilar fasinja ko kaya ba. Ta ɓangaren Benin kuwa, layin da ya taso daga Kwatano ya ƙare a Parakou. Ƙasashen biyu sun kafa hukumar OCBN tun 1959 don tafiyar da shi, kuma daga Parakou manyan motoci ne suka riƙa kwasar kaya zuwa gadar Malanville da Gaya.

Shirin haɗa layukan biyu ya cije ne bayan shari'ar da ɗan kasuwar Benin, Samuel Dossou, ya yi da Bolloré, inda kotunan Benin suka ba shi gaskiya. Sai kuma aka rufe gadar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023.

Duk da haka, aikin reluwe na ƙara matsowa kusa da matasan Nijar. Layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, zai ratsa Katsina da Jibiya, kuma zai buƙaci direbobi da makanikai da masu haɗa taragai a tasha. Akwai abin da ya kamata mai neman wannan aiki ya sani tun kafin ya sa hannu a takarda: ranar da tarago ya daki tarago, shi za a fara dakatarwa.

Rahoto biyu a kan hatsari ɗaya

A ranar 26 ga Agustan 2025, jirgin da ya taso daga Abuja zuwa Kaduna ɗauke da sama da mutum 600 ya kauce daga layi a tashar Asham. Ba a rasa rai ba, amma fasinjoji sun jikkata. Shugaban Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, NRC, Kayode Opeifa, ya fito ya ce ya ɗauki alhakin abin da ya faru.

Bayan makonni, bayanai biyu suka fito. Binciken cikin gida na NRC ya ɗora laifin a kan kuskuren ɗan Adam, wato gudu fiye da ƙima da taka birkin gaggawa ba yadda ya dace ba. Rahoton farko na hukumar binciken haɗura ta ƙasa, NSIB, ya karkata ne ga kayan aiki. Ya nuna cewa na'urar da ke karkatar da jirgi daga wani layi zuwa wani ta lalace, da hannu ake juya ta, cewa an taɓa yin irin wannan hatsari a wurin a baya, kuma ma'aikata ba su samu ƙarin horo ba bayan na farko.

Ga ma'aikacin da ke bakin aiki a irin wannan rana, tazarar da ke tsakanin rahotannin biyu ita ce tazarar da ke tsakanin komawa aiki da zaman gida.

Direban da aka dakatar a Kanada

Misalin da aka fi sani ya faru ne a garin Lac-Mégantic na Kanada. A daren 6 ga Yulin 2013, jirgi mai taragai 72 na ɗanyen mai, wanda aka ajiye a kan gangara babu kowa a ciki, ya gangaro cikin gari ya kama da wuta. Mutum 47 suka mutu. Cikin kwanaki kaɗan shugaban kamfanin ya shaida wa 'yan jarida cewa an dakatar da direban, Tom Harding, ba albashi, saboda bai ɗaure isassun birkunan hannu ba.

Gaskiya ne birkunan da ya ɗaure ba su isa ba. Amma da hukumar binciken haɗura ta Kanada ta fitar da rahotonta a 2014, dalilai 18 ta lissafa, ciki har da kan jirgin da aka yi wa gyaran jeka-na-yi-ka, da ƙarancin horo, da sakacin gwamnati wajen sa ido. A watan Janairun 2018 kotu ta wanke shi da abokan aikinsa biyu daga tuhumar sakacin da ya jawo asarar rayuka, ko da yake daga baya ya amsa laifin karya dokar kiyaye haɗuran jirgin ƙasa. Shekara huɗu da rabi ya yi yana jiran wancan hukunci.

Ina ma'aikaci zai kai kuka?

Dakatarwa ba kora ba ce. A Najeriya, Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Longe da First Bank a 2010 cewa wanda aka dakatar yana nan a matsayinsa na ma'aikaci. A aikin gwamnati, ana fara ba mutum takardar tuhuma ya amsa a rubuce, kuma idan bai gamsu da hukuncin ba, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A Nijar, dokar ƙwadago ta 2012 ta buɗe hanyar kai ƙorafi wurin sufeton ƙwadago don neman sulhu, idan sulhu ya gagara a wuce kotun ƙwadago.

Sai dai a duk inda aka je, takarda ce ke magana. A filin haɗa taragai, sau da yawa mutum uku ne ke aiki tare: direba, da mai juya layi, da mai ba da ishara daga ƙasa. Idan taragai suka yi karo, tambayoyin da ke raba gardama su ne wa ya ba da izinin motsawa, awa nawa ma'aikacin ya yi a bakin aiki, yaushe aka yi masa horo na ƙarshe, kuma ko an taɓa kai rahoton lalacewar birkin ko na'urar. Wanda ya faɗa wa shugabansa da baki cewa birki na da matsala, ba shi da hujja ranar bincike. Wanda ya rubuta a littafin aiki da kwanan wata, ya kuma riƙe kwafi, yana da abin nunawa. Shi ya sa shiga ƙungiyar ƙwadago da zuwa gaban kwamiti tare da wakilinta ke da amfani.

A Gaya dai, har yanzu manyan motoci da kwale-kwale ne ke ɗaukar kaya da mutane. Amma 'yan garin da ke neman aiki a Maraɗi ko Kano ko Turai na iya samun kansu a tsakanin taragai biyu tun kafin jirgi ya iso garinsu.