Aikin Ƙaba Ba Ya Kashe Mazakuta

Kwana uku ke nan wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp ɗin unguwarmu, har wani dattijo da nake ganin girmansa ya fasa zuwa tiyatar da aka sa masa rana. Mai muryar bai faɗi sunansa ba, balle inda ya koyi aikin asibiti, amma ya yanke hukunci cewa duk wanda aka yi wa aikin ƙaba ya yi ban kwana da mazakuta da haihuwa. Wannan ganganci ne da rayukan mutane.

Ban ga laifin wanda ya tsorata ba. Wurin yankan yana kusa da al'aura, kuma magana ce da namiji ke jin nauyin yi ko da amininsa. Sai dai jijiyoyin da ke tayar da gaba ba ta nan suke bi ba. Abin da ya ratsa wurin shi ne bututun maniyyi da jijiyoyin jinin maraina. Ana iya ji musu rauni yayin aiki, amma ba kasafai ba, kuma yawancin maza suna komawa ga iyalinsu lafiya bayan sun warke.

Abin da mai saƙon bai faɗa ba shi ne sakamakon jinkiri. Ƙaba hanji ne ko kitsen ciki ke leƙowa ta inda naman mara ya yi rauni. Ranar da hanjin ya maƙale, jini ya daina isa gare shi, cikin sa'o'i yake fara ruɓewa. Aikin da ake sallamar mutum a ranar ko washegari sai ya koma yanke hanji cikin gaggawa, wani lokaci a rasa rai.

Batun cewa jiƙo ko ɗaure mara da ɗamara na toshe ramin kuwa, ba ya toshewa. Ragar da likitoci ke sakawa yayin aikin don toshe ramin ma ba ta ruɓewa a ciki.

Gaskiya ne aikin yana da nasa haɗari. Kusan mutum 1 cikin 10 kan daɗe yana jin ciwo a wurin, yankan na iya yin ruwa, ƙabar kuma takan dawo wa wasu. Shi ya sa ake hana ɗaukar kaya masu nauyi na mako 4 zuwa 6.

Idan kumburin ƙabar ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga ciwo da amai, kada ka jira gari ya waye. A tafi asibiti a daren.