Daga Lekki zuwa fadamar Katagum: Tarihin gidauniyar da ta riga birni kama fili

A shekarar 1990, lokacin da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wadda aka fi sani da NCF, ta killace hekta 78 na kurmi da dausayi a zirin Lekki da ke gabashin Legas, galibin yankin daji ne da ƙauyukan masunta, sai sabuwar hanya da ta ratsa zuwa Epe. Cikin shekara talatin birni ya taso ya kewaye wurin ta kowace kusurwa da rukunin gidajen masu hannu da shuni, manyan kantuna da cunkoson motoci. Duk da haka, wanda ya shiga ƙofar Cibiyar Lekki a yau zai tarar da birai a kan rassa, kadoji a cikin ruwa, da inuwar da ba ta da tamka a wannan sashe na birnin.

Da a ce yau ne ake neman wannan fili, babu wata ƙungiya mai zaman kanta da za ta iya biyan kuɗinsa. An same shi ne saboda an nema tun ƙasa ba ta yi daraja ba. Wannan batu na riga birni kama fili ya shafi garuruwan Arewa da ke bunƙasa cikin sauri, musamman Azare, hedikwatar masarautar Katagum a Jihar Bauchi, wadda fadamun ƙasarta ke cikin tarihin gidauniyar tun shekarun 1980.

Yadda aka faro

An kafa NCF a 1980, aka yi mata rajista a 1982. Jagoran tafiyar shi ne Cif Shafi Lawal Edu, attajiri ɗan asalin Epe wanda ya yi suna a harkar jiragen ruwa da inshora, ya kuma taɓa shugabantar Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Legas. Ya jawo abokansa 'yan kasuwa da manyan ma'aikata a lokacin da kuɗin mai ya cika gari, hankalin hukuma kuma ya karkata ga gine-gine da kwangiloli. A wancan zamani, mai maganar kare daji da tsuntsaye kallon marar aikin yi ake yi masa.

Gidauniyar ta fara ne da ofisoshin gwamnati. Ta sa hannu wajen tsara manufar ƙasa kan kiyaye albarkatun daji a shekarun 1980, zamanin da aka fitar da Doka ta 11 ta 1985 mai taƙaita fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Ta yi aiki a dajin Okomu na Jihar Edo kafin ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, da kuma Gashaka Gumti da ya samu wannan matsayi a 1991. Cikin waɗanda suka daɗe suna riƙe da ragamar amintattunta akwai Cif Philip Asiodu, ɗaya daga cikin manyan sakatarorin tarayya da suka yi tashe a zamanin Janar Gowon. Sanin yadda takarda ke tafiya daga tebur zuwa tebur yana cikin jarin da gidauniyar ta fara da shi.

Cibiyar Lekki, wadda kamfanin mai na Chevron ya tallafa wajen ginawa, ita ce ta kai sunan gidauniyar ga talakan birni. A 2015 aka ƙara mata gadar tafiya a tsakanin kan bishiyoyi mai tsawon mita 401, wadda ta mai da wurin matattarar iyalai da ɗaliban makarantu. Cif Edu ya rasu a 2002, kuma har yanzu ana gabatar da lacca duk shekara don tunawa da shi.

Ruwan Jama'are da Haɗejiya

Zuwan gidauniyar yankin da ya shafi Katagum ya biyo ta hanyar ruwa ne. Kogin Jama'are yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya gangaro ta ƙasar Bauchi, ya wuce ta gefen tsohon garin Katagum, sannan ya haɗu da Kogin Haɗejiya kusa da Gashuwa, inda suke zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Ambaliyar da kogunan biyu ke yi duk damina ita ce ke shayar da fadamun da manoman shinkafa, masunta da makiyaya suka dogara da su, ita ce kuma ke karɓar tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai lokacin sanyi.

Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980, ambaliyar ta ragu. A 1987 aka ƙaddamar da Shirin Kiyaye Dausayin Haɗejiya da Nguru, inda NCF ta haɗa hannu da gwamnati da ƙungiyoyin duniya irin su IUCN da RSPB ta Birtaniya. Wani bincike da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama yana samar da amfanin gona, kifi da itace da darajarsu ta zarce abin da adadin ruwan nan yake samarwa a shirin noman rani na Kogin Kano nesa ba kusa ba. Wannan hujja ta shiga muhawarar madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin ginawa a kan Kogin Jama'are, wadda wasu ke ganin za ta bunƙasa noman rani a Bauchi, mutanen ƙasan kogi kuma ke tsoron za ta busar da fadamunsu. A 2000, tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na Yarjejeniyar Ramsar.

Abin da aikin fadama ya koyar ya yi daidai da na Lekki: filin da ake gani kamar a banza yake, yana da aikin da yake yi, sai dai ba a lissafa shi sai ranar da aka rasa shi.

Fili a tsohon tsarin gari

Barin sarari a cikin gari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19. Da matafiyin nan ɗan Birtaniya Hugh Clapperton ya iso garin a watan Janairun 1824, a tafiyar da abokinsa Dakta Walter Oudney ya rasu a Murmur, ya tarar da birni mai ƙaƙƙarfar ganuwa da ganuwar ke kewaye da ramuka. A irin waɗannan birane, kamar yadda aka sani a Kano da Zariya, ganuwa kan zagaye fili fiye da wanda gidaje suka cinye, domin a samu wurin noma da kiwo idan an yi wa gari ƙawanya.

Bayan wannan akwai hurumi, wato ƙasar da sarki ko dagaci ya keɓe wa jama'a, wadda ba mai ikon nomewa ko ginewa. Akwai ƙofar fada inda ake hawan salla, da filin idi, da dandalin da yara ke wasa da dare, da kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini suka koma matarar ruwan sama. Tsamiya, kuka da ɗorawa kuwa sukan tsira daga gatari saboda amfaninsu. Ba a kira ko ɗaya daga cikin waɗannan da sunan lambun shaƙatawa ba, amma sun ba mutane wurin shan iska, sun kuma ba ruwa hanyar wucewa. Abin da ya riƙe su shi ne al'ada da kwarjinin masarauta, ba takarda ba. Da ikon ƙasa ya koma hannun hukumomin filaye, fuloti kuma ya zama haja, sai aka wayi gari galibinsu ba su da mai tsaya musu.

Azare a kan gaɓa

Ba da jimawa ba bayan zuwan Turawa a 1903 aka mayar da hedikwatar masarauta daga Katagum zuwa Azare. Yau Azare ce ke bi wa birnin Bauchi a girma da kasuwanci a jihar. Tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri da aka mayar tagwaye, tana da babban asibitin tarayya, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, ga kuma jami'ar jiha a Gadau da ke maƙwabtaka. Kowace cibiya daga cikin waɗannan tana jawo ma'aikata da ɗalibai, su kuma suna jawo dillalan filaye. Gonar da ke bakin gari bana, baɗi fulotai ce.

Garin yana cikin yankin da zafin bazara kan haura maki 40, sannan Bauchi na cikin jihohi 11 na bakin hamada da Hukumar Babbar Katangar Bishiyoyi, wadda aka kafa da doka a 2015, take aiki a cikinsu. Ruwa ma yana da nasa hisabin: a watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Ƙaramar Hukumar Katagum. Inda aka cike kududdufi aka yi gini, ruwan da ya saba kwana a nan ɗakin wani zai nema.

Shirye-shiryen dashen itatuwa, har da ACReSAL da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Babban Birnin Tarayya, sun fi mai da hankali kan gonaki, makiyaya da wuraren da zaizayar ƙasa ta ci. Dashe yana buƙatar ƙasar da za a dasa a kai, wadda kuma za ta ci gaba da zama ta jama'a bayan shirin ya tattara kayansa. A nan ne aikin ƙungiya irin NCF yake.

Abin da wasu birane suka gani

A shekarar da aka kafa NCF, wato 1980, wasu mazauna New York a Amurka suka kafa ƙungiyar ceto lambun Central Park, wanda ya lalace sakamakon talaucin da ya kama hukumar birnin. Sun tara kuɗi, sun gyara, har a 1998 birnin ya sa hannu kan yarjejeniyar da ta damƙa musu kula da wurin, mallaka kuma ta ci gaba da zama ta hukuma. A Nairobi kuwa, Wangari Maathai da ƙungiyar dashen itatuwa da ta kafa a 1977 sun tsaya tsayin daka a 1989 kan shirin gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru. Ta sha zagi daga 'yan majalisa da fadar Shugaba Moi, amma masu zuba jari suka janye, aikin ya mutu, lambun ya tsira.

Misali mafi kusa shi ne na Kano, inda aka gina shaguna a filin idi na Ƙofar Mata, gwamnatin da ta biyo baya ta rushe su a 2023, maganar ta ƙare a kotu da batun diyya. An yi asarar dukiya wajen ginawa, an sake yin wata wajen rushewa. Tun ran gini, tun ran zane.

Tsarin Lekki ma yana da nasa naƙasu. Sai an biya kuɗi ake shiga, don haka ɗan talaka ba kasafai yake leƙawa ba sai makaranta ta kai shi. Ya kuma dogara da tallafin manyan kamfanoni, irin waɗanda babu su a Azare. Abin ɗauka daga gare shi shi ne lokaci da takarda: a kama fili da wuri, a ɗaure shi da doka, a danƙa shi ga amintattun da ba sa sauyawa da sauyin gwamnati.

Hanyar da doka ta bari

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar birane a hannun gwamna a matsayin amana, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ke raba ta. Gwamnan da ya keɓe fili yau, magajinsa na iya yanka shi gobe, matuƙar babu takardar shaidar mallaka da sunan wani da zai iya zuwa kotu. Sashen F na Dokar Kamfanoni ta 2020 ya ba ƙungiyoyin al'umma damar yin rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, su mallaki ƙasa, su kai ƙara da sunansu. Akwai kuma waƙafi, wanda jama'ar yankin suka sani suka kuma yarda da shi: abin da aka tsayar dominsa ba a sayarwa, ba a gado. Fili mai waƙafi da rajista, wanda masarauta ta shaida, aka kuma sanya shi a taswirar gari, ya fi ƙarfin alƙalamin jami'i guda.

Ƙasar Katagum ba ta rasa mutanen da suka san wannan aiki ba. Ita ta ba tarayya Alhaji Sule Katagum, wanda ya shugabanci Hukumar Ma'aikatan Tarayya har zuwa 1975, da Alhaji Aminu Saleh da ya zama Sakataren Gwamnatin Tarayya, da Alhaji Yayale Ahmed da ya riƙe shugabancin ma'aikata daga 2000 zuwa 2007 kafin shi ma ya hau kujerar sakataren. 'Ya'yanta da ke ma'aikatun Abuja a yau suna kai iyalansu lambun Millennium, mai hekta 32, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disambar 2003, kuma sun san yadda ake kokawa da masu son cinye filayen shan iska na babban birnin duk da cewa suna cikin taswira.

Ƙungiyoyin ci gaban gari sun saba tara kuɗi don rijiyar burtsatse, tallafin karatu da gyaran maƙabarta. Sayen hekta goma a bakin Azare, ta hanyar Misau ko ta Jama'are, da nufin a bar ta ga darbejiya, tsamiya da yaran unguwannin da ba a riga an gina ba, bai fi ƙarfinsu ba a farashin yau. Farashin kuwa yana hawa da kowane sabon gini da jami'a ta ɗora harsashinsa.