Keken da giyarsa ke ɓoye: yadda ake ɗaura shi ya jure rairayin Arlit

Duk mai hawa keke a Arlit, Akokan ko ƙauyukan Dannet ya san abokin gabarsa: ƙura da rairayi. Keken hawan dutse yana da giyarsa a waje, haƙora jere a ƙafar baya da ɗan hannun da ke ja wa sarƙa hanya. Da mai ya haɗu da yashi sai su koma tamkar dutsen wasa wuƙa, su cinye sarƙa da haƙoran. Ƙaramin karo da dutse kuma ya isa ya lanƙwasa hannun, mutum ya koma tura keke a tsakiyar rana.

Akwai wata fasahar da ta fi dacewa da ƙasarmu, wato giyar da ke rufe cikin cibiyar ƙafar baya. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Sturmey-Archer na Nottingham a Ingila ya fara ƙera ta tun 1902. Yau Shimano na Japan na yin Nexus mai giya 3, 7 ko 8, Rohloff na Jamus kuma na da mai giya 14 tun 1998. Ana cin karo da irinsu a cikin tsofaffin kekunan da ake kawowa daga Turai. Ƙura ba ta shiga da sauƙi, kuma ana sauya giya ko keke na tsaye.

Sai dai wajen ɗaurawa ne ake yin asara. Da farko a auna faɗin gurbin ƙafar baya. Yawancin tsofaffin kekunan dutse milimita 135 ne, dole cibiyar ta yi daidai da shi. Cibiyar ta fi ta gama-gari kauri, don haka sai mai gyara ya sake ɗaure ƙafar da gajerun tsinkaye.

Na biyu, tana zuwa da wasu ƙananan zobba masu ɗan harshe da ke shiga gurbin, su hana ƙarfen tsakiya juyawa. Wanda ya yar da su ya sa na gama-gari, ƙarfen zai juya ya murɗe kebul, ya ci gurbin.

Na uku, sarƙa. Gurbin keken dutse yakan dubi ƙasa ne, ba a iya ja ƙafar baya don a ɗame sarƙa. Sai an ƙara ɗan ƙarfen da ke ɗame ta.

Na huɗu shi ne mafi muhimmanci: saitin kebul. A Nexus mai giya 8, a sa lamba 4, a duba layuka biyu masu ruwan ɗorawa kusa da cibiyar, a riƙa juya ɗan murfin kebul da ke hannu har su yi daidai da juna. In sun saɓa, giya za ta riƙa tsalle, haƙoran ciki su fara karyewa. Sabon kebul yakan saki, saboda haka a sake dubawa bayan 'yan makonni.

A hanya kuma, a sassauta feda lokacin sauya giya. Kada a wanke cibiyar da ruwan matsi, kada kuma a bari wanda bai san cikinta ba ya buɗe ta, domin kayan cikinta sun fi na giyar waje wuyar samu. Minti biyar na duba layukan nan ya fi tura keke daga Akokan zuwa gida.