Ruwan da Ba a Auna Ba: Yadda Manhaja ke Cike Giɓi Tsakanin Gusau, Tsafe da Bungudu

Duk shekara kafin damina, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, kan fitar da hasashen ranar saukar ruwa da ranar ɗaukewarsa ga ƙananan hukumomi. Yanzu kuma manhajojin waya sun shigo, kowa na iya duba adadin ruwan da aka ce ya sauka a ƙauyensa. Malaman gona na karanta waɗannan alƙaluma, ƙungiyoyin agaji na tsara aiki da su. Amma akasarinsu ba aunawa aka yi ba, lissafi ne ya samar da su.

Dalili a fili yake. Zamfara ta kai kusan murabba'in kilomita 40,000, tashoshin auna yanayi kuwa ƙalilan ne, sananniyar cikinsu ita ce ta Gusau. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin, domin akwai ƙauyukan Tsafe da Bungudu da ma'aikaci ba zai kai gare su da ma'auni ba, balle ya riƙa komawa kullum yana karantawa. Sai aka koma ga kwamfuta. Manhaja kan ɗauki abin da aka auna a Gusau, Sakkwato, Katsina da Zariya, ta ƙiyasta na wuraren da ke tsakani. Hanya mafi sauƙi, wadda Donald Shepard ya bayyana a 1968, ita ce a bai wa tashar da ta fi kusa nauyi mafi yawa. Akwai kuma wadda aka sa wa sunan Danie Krige, injiniyan haƙar ma'adinai na Afirka ta Kudu. Kundin CHIRPS na jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara yana haɗa hoton tauraron ɗan'adam da bayanan tashoshi, ya ba da ƙiyasin ruwa tun daga 1981 a kan kowane fili mai faɗin kusan kilomita 5.

Amfanin wannan ba abin musu ba ne, ƙiyasi ya fi duhun kai. Inda gizo ke saƙar shi ne halin ruwan ƙasarmu. Hadari kan haɗu ya zubar a Kwatarkwashi har kwata ta cika, a Tsafe ko yayyafi babu. Ita kuwa manhaja an gina ta ne bisa zaton cewa maƙwabta suna kama da juna, don haka takan shafe wannan bambanci ta fito da taswira sumul.

A nan ne rubutaccen bayanin manhaja yake da nauyi, kuma a nan aka fi yin sakaci. Masana lissafi suna da hanyar gano yadda sakamako ke motsawa idan an ɗan taɓa abin da aka shigar. A ɗauka, a matsayin misali, nauyin tashar Gusau a ƙiyasin Bungudu kashi 80 ne cikin 100. Idan aka yi kuskuren milimita 10 wajen karanta ma'auni a Gusau, milimita 8 na kuskuren sun tafi Bungudu ke nan. Idan ma'aunin ya lalace mako guda, alƙaluman Bungudu za su dogara ga garuruwa masu nisa, taswirar kuma ba za ta sauya launi ta faɗi haka ba. Abin ya fi muni in ana neman saurin canji, wato yadda ruwa ke ƙaruwa daga wannan mako zuwa wancan, domin ɗan kuskure a adadi kan ninka a irin wannan lissafi. Wasu hanyoyin ƙiyasi ma kan zarce, su ba da ruwan da ya gaza sifili.

Wanda ke ɗaukar asarar shi ne manomin da ya zuba irin gero ko dawa bisa labarin cewa ruwan shuka ya zauna, sai fari na mako biyu ya biyo baya, iri ya ƙone, ya koma neman wani da tsada.

A ganina, duk manhajar da za a yi wa manoma shawara da ita, dole takardar bayaninta ta faɗi tashoshin da ta dogara da su, nauyin kowace, da iyakar kuskuren da ake tsammani. Hanyar Krige tana fitar da wannan iyaka tare da ƙiyasin, sau da yawa masu buga taswira ne ke ajiye ta gefe. Ɗaliban lissafi da kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Gusau za su iya gwada wannan: a kafa ma'aunai masu araha a harabar makarantun Tsafe da Bungudu, a kwatanta abin da suka tara da abin da manhaja ta ce a damina guda, a wallafa bambancin da Hausa.