Zuwa Wurin Masanin Halayyar Ɗan'adam Ba Hauka Ba Ne

A ƙasar Kano, idan aka ce an kai wane Dawanau, babu mai tsammanin kasuwar hatsi ake nufi, domin kowa ya san zancen asibitin masu taɓin hankali ne. Kuma saboda gudun kada a jingina musu wannan suna, mutane da yawa waɗanda baƙin ciki ya hana su barci, ko fargaba ta hana su fita, sun gwammace su haɗiye abinsu har ya kwantar da su, da a ce an gan su a ƙofar masanin halayyar ɗan'adam. Alhali kuwa galibin masu zuwa wurinsa da hankalinsu garau suke zuwa: ga mai jego wadda tun bayan suna kuka ke zo mata ba dalili, ga ɗan kasuwar da gobara ta cinye rumfarsa, wanda ko ƙaurin hayaƙi ya ji sai gabansa ya faɗi.

Shubuhar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa, "Ai rashin tawakkali ne, ka yi haƙuri, ka yawaita addu'a." Addu'a kam takobin mumini ce, amma wanda ya karya ƙafa yakan yi addu'a ya kuma je wurin maɗori, ba a taɓa tuhumar imaninsa ba. Kuma Annabi Yaƙubu, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, wannan bai rage masa daraja ba ko kaɗan.

Masu zaton abin baƙo ne daga Turai kuwa, ya kamata su san Abu Zaidi al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 ta Miladiyya, wanda a cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfusi ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rashi ko hasara, da wanda yake auka wa mutum ba tare da sababi bayyananne ba, ya kuma nuna cewa mai wannan lalura yana bukatar nasihar wani mai hikima, domin mutum ya fi karɓar magana daga waninsa fiye da daga kansa.

To, me ake yi a wurin masanin halayyar ɗan'adam? Zama ne na kamar sa'a guda, galibi mako-mako. A hanyar da Aaron Beck ya shimfiɗa a Amurka cikin shekarun 1960, idan ɗan kasuwan nan ya ce, "Na gama yawo, kowa dariya yake yi mini," masanin ba zai ce masa ya daina wannan tunani ba; sai ya tambaye shi, "Alhaji, wa ka ji ya yi dariyar, kuma wa ya zo maka jaje?" Sa'an nan ya sa shi ya riƙa rubuta wa kansa lokacin da tunanin ya zo da abin da ya tayar da shi, har mutumin ya gane da kansa cewa hukuncin da ya yanke wa rayuwarsa ba shi da isassun shaidu. Daga nan a lallaɓa shi ya koma kasuwa, yau bakin ƙofa, gobe cikin layi.

Akwai masu tsoron tonon asiri, kuma a al'ummar da take ganin kai kukan gida waje abin kunya ne, wannan tsoro ba abin raini ba ne. Sai dai ƙa'idar aikin ta wajabta riƙon amana, in ba rai ne ke cikin haɗari ba, abin da ba kowace aminiya ko abokin majalisa ne zai iya lamunce maka ba. Rubuta magani kuwa aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, ga wanda ciwonsa ya kai ga haka.

Matsalar gaskiya, a ganina, ita ce ƙarancin masanan. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma har yanzu mutumin ƙauye sai ya yi tattaki zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko wani babban asibitin koyarwa, kafin ya sami wanda zai zauna ya saurare shi.