Shugaba da Na'iba: Tsarin Suna da Saituna a Rumbun Bayanai

Duk ma'aikatar da ta ɗauki amanar bayanan jama'a, ko banki ce, ko asibiti, ko kamfanin waya, ba ta yarda ta damƙa wannan amana ga na'ura guda, domin na'ura abar halaka ce, wuta na iya cin ta, faifanta na iya lalacewa ba sallama. Saboda haka sai a tanadi biyu: shugaba, wadda ita kaɗai ake rubuta sabon bayani a cikinta, da na'iba, wadda ke kwafar duk abin da shugaba ta rubuta, tana jiran ranar da za a bukace ta. Manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, wadda asalinta wani bincike ne da Farfesa Michael Stonebraker ya fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, ta samu wannan kwafi na kai tsaye a sigarta ta 9.0, a shekarar 2010.

Al'amarin ya yi kama da na liman da wanda ke bayansa, inda idan uzuri ya sami liman a tsakiyar salla sai ya jawo wani ya ƙarasa da mutane. Limanci ya koma hannun wani, amma kowa yana nan da sunan da aka raɗa masa. A nan ne masu kula da na'urori da yawa ke kuskure, don sukan raɗa wa ɗaya suna "shugaba", ɗayar kuma "na'iba", alhali ranar da ta farko ta faɗi aka ɗaga ta biyu, sai sunayen su zama shaidar zur: wadda ake kira na'iba ita ke riƙe da mulki, wadda ake kira shugaba kuwa, in an gyara ta, bi za ta yi. Abin da ya dace shi ne kowace na'ura ta sami suna na dindindin wanda bai ambaci muƙami ba, muƙamin kuma ya zama laƙabi dabam a tsarin adireshi, wanda ake ciro shi daga wannan a liƙa wa waccan.

Sai dai suna na dindindin ma yana da sharaɗi, wato kada ya yi kama da na ɗan'uwansa har gajiyayyen ido ya kasa rabewa. A daren 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, yana fama da na'ibar da kwafinta ya tsaya, ya yi nufin share bayananta domin a sake kwafa daga farko. Sunanta db2, sunan shugaba db1, umarnin kuwa a kan db1 ya sauka. Kafin ya ankara bayanai kimanin gigabait 300 sun salwanta, kuma da aka dawo da aiki daga wani ajiyayyen kwafi, an yi asarar rubutun wajen awa shida. Ban ga laifinsa kamar yadda na ga laifin sunayen ba, waɗanda alƙalami guda ne ya raba su, kuma babu wata alama bayyananniya a allonsa da za ta ce masa, "A kula, wannan ce mai mulki."

Game da fayilolin saituna, PostgreSQL tana karanta babban fayil mai suna postgresql.conf, tana kuma ba da damar a umarce shi ya haɗo duk ƙananan fayilolin da ke cikin wata jaka, bisa jerin sunayensu, inda hukuncin na ƙarshe ke shafe na farko in sun saɓa. Hikimar da ke nan ita ce a tara duk abin da na'urorin biyu suka yi tarayya a kansa cikin fayil guda, a sa masa lamba 00, sannan abin da ya keɓanta da kowace, kamar adireshinta da sunan da take gabatar da kanta da shi, ya zauna a wani ɗan fayil mai lamba 10. Wannan tarayya wajibi ce, domin akwai saituna, irin su adadin masu haɗuwa a lokaci guda, da na'iba mai amsa tambayoyi ba za ta yi aiki ba in nata ya gaza na shugaba. Haka nan fayil ɗin izinin shiga, pg_hba.conf, ya kamata ya zama iri ɗaya a duka biyun, kada a ɗaga na'iba ta ƙi buɗe wa kowa ƙofa.

Tun siga ta 12, a 2019, aka soke tsohon fayil recovery.conf, ya zama abin da ke shaida wa na'ura cewa ita na'iba ce wani fayil ne wanda ko harafi ba a bukata a cikinsa, standby.signal, kuma da an ɗaga ta manhajar da kanta take cire shi. Wanda ya fi bukatar a sa masa ido shi ne postgresql.auto.conf, domin manhajar ce ke rubuta shi, ana karanta shi bayan sauran duka, kuma yakan bi kwafi zuwa sabuwar na'iba ɗauke da saitin da wani ya canza tuntuni ya manta; don haka duk wanda ya gyara saiti ya ga bai kama ba, can ya kamata ya fara dubawa.