Wa za a bar wa yaro? Abin da iyaye ke dubawa kafin ɗaukar mai reno

A unguwar Briqueterie ta Yawunde, da Zongon Kwatano, da gidajen Hausawa na Njamena, mata da yawa yanzu na fita tun da sassafe: wata koyarwa take yi, wata tana asibiti, wata na da shago a kasuwa. Kaka tana can garin asali, ƙannen miji suna makaranta. Shi ya sa neman mai reno, wadda ake kira nounou da Faransanci, ya zama babbar magana a gidajen da a da ba su san ta ba.

Tsohuwar hanya ita ce a aika ƙauye a kawo yarinya 'yar shekara 10 ko 12 da sunan riƙo. A kudancin Benin ma al'adar tana da suna, vidomègon. Amma wannan yaro ne ke renon yaro. Dokokin ƙwadago na Kamaru da Chadi da Benin sun hana sa yaro aiki kafin ya cika shekara 14, kuma ko 'yar 14 ɗin ba ta isa a bar mata jariri wuni guda ba. Ba ta san lokacin da kuka ya wuce na yunwa ba, ga shi an raba ta da karatu. Saboda haka iyayen da suka yi tunani sun fi son babbar mace, musamman wadda ta reni nata.

Sai amana. A nan takardar shaidar karatu ba ta da nauyin mutumin da zai tsaya wa mai neman aikin. Ana so a san gidansu, a ga katin shaidarta, a kuma ji ta bakin gidan da ta bari. Wasu kan ba da mako biyu na gwaji uwa tana gida, don a ga yadda take ɗaukar yaro da yadda take yi idan ya ƙi yin shiru.

Abin da ya fi damun Hausawan da ke zaune cikin wasu al'ummomi kuwa shi ne harshe. A Garwa da Marwa da Ngaundere Fulatanci ne harshen kasuwa, a Njamena Larabcin Chadi, a Yawunde da Duwala Faransanci. Yaron da ke yin awa tara ko goma kullum a bayan mai reno, da harshenta zai fara buɗe baki. Wasu iyayen hakan suke so: a ganinsu mai jin Faransanci za ta sauƙaƙa wa yaro shiga makaranta. Sai dai makaranta da titi da talabijin za su ba shi Faransanci ko an ƙi ko an so, Hausa kuwa in ba a gida ba, babu inda zai same ta. Ba abin mamaki ba ne a ga yaro yana jin abin da kakarsa ke faɗa ta waya amma ba ya iya mayar mata da amsa. Idan ba a samu Bahaushiya ba, sai iyaye su ɗaura wa kansu yi masa Hausa zalla da yamma da ranakun hutu.

Batun addini ya fi sauƙi. Mata da dama waɗanda ba Musulmi ba suna reno a gidajen Musulmi lafiya ƙalau, muddin an faɗa musu tun farko abin da ake ci da yadda ake wa yaro tsarki.

Ilimin lafiya ne ake yawan mantawa a tambaya, alhali shi ne ke ceton rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariri nono kaɗai zai sha har wata 6, ko ruwa ba a ba shi. Zuma ma ba a ba shi kafin shekara guda. Mai reno da ta saba da ɗura wa jariri jiƙo za ta yi hakan da kyakkyawar niyya, sai in an hana ta. Ya kamata ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari idan gudawa ta kama yaro: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ta san cewa zazzaɓi mai zuwa da jijjiga ko ƙin shan nono maganar asibiti ce nan take, ba a jiran uwa ta taso aiki. Iya karatu ma yana da amfani a nan, don ta gane ranakun da ke kan katin rigakafi, wanda a Kamaru aka ƙara masa allurar zazzaɓin cizon sauro tun Janairun 2024.

Mace mai waɗannan halaye ba ta zama a kan abinci da tsofaffin tufafi. Mafi ƙarancin albashi a Benin sefa 52,000 ne tun 2023, a Chadi 60,000, kuma masu reno da yawa ba sa ganin kusa da haka. Yarjejeniya ta 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2011, ta ɗauki aikin gida a matsayin aiki kamar kowane, mai hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako. Ya kamata a rubuta albashi da ranar hutu a takarda, a kuma fayyace ko wanki da girki suna ciki. A Kamaru, mai gida na iya yi wa ma'aikaciyarsa rajista a hukumar CNPS, inda za ta riƙa tara kuɗin fansho.